Wutsiyar Amon Dogon Numfashi

Gajere ne. Gara a faɗi wannan tun da wuri, don duk wanda ya ji ana kiran Dogon Numfashi sai ya ɗaga kai sama yana neman mutum, alhali mutumin yana nan ƙasa daidai aljihun rigarsa, ya miƙo hannu yana jiran a ba shi makulli. Yankan makulli ne sana'arsa. Yana da 'yar rumfar ƙarfe a bakin titi, tsakanin mai facin taya da wani kantin magani. A cikinta akwai injin yanka, da kujerar da aka tokare ƙafarta ɗaya da bulo, da allon ƙusoshi inda sababbin makullai ke rataye suna jiran haƙora. Daga safe har yamma injin nan yana kuka a gefen kunnensa na hagu, irin kukan da ke sa haƙoran mai wucewa su yi tsami. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sunan dai ba a rumfa ya samo shi ba. Duk ranar Asabar yakan rufe da wuri, ya wanke garin ƙarfe daga hannunsa, ya saɓa jitarsa mai aiki da lantarki, ya nufi wani lambun shaƙatawa inda ake jera fararen kujerun roba, iyaye su sha lemo, yara su yi ta guje-guje suna zubar da nasu. Su huɗu ne a ƙungiyar kiɗan: shi, da mai ganga, da mai babbar jita mai kaurin murya, sai mawaƙin. Mawaƙin ne ke riƙe da makullin ɗakin ajiye kaya, shi ya sa ake ce masa Ciyaman. Ba a taɓa yin zaɓe ba.

Suna da wata waƙa da suke rufe taro da ita tun gashin kansu yana baƙi. A tsakiyarta kowa yakan tsaya. Ganga ta yi shiru, Ciyaman ya ja da baya, Dogon Numfashi ya tura siririyar tsirkiya sama da yatsa ya riƙe ta a can. Amo guda ya fito ya yi ta tafiya shi kaɗai, yana sirancewa, yana sirancewa, har ya kusa ɓacewa. Daidai nan, ba kafin nan ba kuma ba bayan nan ba, sai ya zame hannunsa ƙasa, ganga ta faɗo, jama'a su ɗauki ihu. Ƙarshen nan mai sirancewa shi yake kira wutsiya. Yakan ce kowane ɗan koyo zai iya fitar da kan amo, amma wutsiya sai mai haƙuri.

A kan wutsiyar nan ya samu mata. Tana budurwa ta zo lambun rakiyar ƙawarta, har sun tashi za su tafi ta ji amon, ta tsaya da jaka a hannu. Ita dai har gobe cewa take ta tsaya ne don ta ga ko ɗan gajeren nan zai suma. Bai suma ba, ta aure shi. Aikinta a asibiti ne, ita ke kiran sunayen marasa lafiya a ɗakin jira, kuma Allah ya ba ta murya: idan ta kira suna ɗaya, har wanda ba shi aka kira ba sai ya miƙe. Ta daɗe da daina zuwa lambu. Ta ce waƙar da ta sha ta bangon ɗaki, ta sha a kicin, ta sha tana naƙuda, ba sai ta hau mota ta je ta sake sha ba.

Akwai wata doka ta Ciyaman da ya kamata a sani. Ya tsani a danne masa murya. Saboda haka ya samo jan fenti ya ɗiga a jikin maɓallin ƙara sauti na amfilifayar Dogon Numfashi, wato akwatin lasifikar da ke fitar da muryar jitarsa, ya ce daga nan ba a wucewa, wanda ya wuce kuma ya nemi wata ƙungiyar. Dogon Numfashi bai yi musu ba, don shi ba mai musu ba ne. Mai ƙaramin sukudireba ne a aljihun gaba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai wasu fararen 'yan akwatuna masu maganaɗisu a ciki, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su aika wa amfilifaya. Kowanne yana da sukuru a gefe da gefe, in ka murɗa sai akwatin ya taso kusa da tsirkiya, murya ta ƙaru. To duk sa'ad da ya ji jitar ta yi masa ƙasa-ƙasa, sai ya juya wa Ciyaman baya, ya ɗan ba sukurun murɗi kaɗan. Jan fenti yana nan inda yake, kowa ya zauna lafiya. Shekara da shekaru yana haka, yana kuma ganin kansa mai wayo.

Sai wutsiya ta fara gajarta.

Da farko kaɗan ne, shi kaɗai ya lura. Daga baya ya zama in ya tura tsirkiya, amon ya fito da ƙarfinsa, ya yi wani ɗan gargada kamar tayar da ta kwance, sai ya mutu tun mai ganga bai gama share gumi ba. Zaƙin ma ya tafi, muryar ta koma ta gwangwani. Jama'a dai suna tafi, amma irin tafin da ake yi wa ɗan maƙwabci.

Ya ce tsirkiyoyi ne sun tsufa. Ya sayo sababbi ya ɗaura, wutsiya ta ƙi. Ya ce waya ce. Ya sayo wata mai kauri, wadda mai kanti ya rantse masa bakinta ruwan zinariya ne, wutsiya ta ƙi. Ya sauya batirin 'yar akwatin da yake takawa da ƙafa don ƙara wa amo kauri. Ya kwance bayan amfilifaya ya hure ƙurar da ta girmi autarsa, ya samu gawar ƙadangare a ciki, ya fito da ita ta wutsiya yana murna, ya ce ga mai laifin nan. Ashe marigayin ba ruwansa. Ya goge ƙarafan wuyan jita har suna ɗaukar ido. Ya zargi wutar lantarkin lambun. Ya zargi fankar da ke bayansa, ya sa aka kashe ta, suka yi wasa cikin zufa, mai ganga yana hararsa. Kuma bayan kowane gwaji, in ya ji abin bai yi ba, sai ya zaro ɗan sukudireba ya ƙara murɗi. Kai, mutum da naci!

Ran wata Asabar suna naɗe waya, Ciyaman ya zo ya tsaya ta hagunsa ya yi magana mai ɗan tsawo. Dogon Numfashi ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla."

Ciyaman ya dube shi. Mai ganga, wanda abokinsa ne tun suna samari, ya jawo Ciyaman ta hannun riga ya zagayo da shi dama, ya ce, "Sake faɗa masa. Hankalinsa yana kan waya."

"Dogo," in ji Ciyaman, "cewa na yi surukina ya sayi fiyano. Irin mai muryoyi da yawa. Akwai muryar jita a ciki."

"Allah ya sanya alheri."

"In ya danna, amon ba ya mutuwa sai ya ɗaga yatsa. Na gwada shi. Na je na sha ruwa na dawo, yana nan yana yi."

"Wannan ai ba wutsiya ba ce, Ciyaman. Ƙarar firiji ce."

"Firijin dai yana aiki. Asabar mai zuwa zai zo da shi. In wutsiyar taka ta tashi, shi ke nan. In ba ta tashi ba, ya karɓi tsakiyar waƙar, kai kuma ka riƙa kaɗa masa daga baya. Ba korarka na yi ba."

Lalle ba kora ba ce. An dai ce wa mutumin da ake kira Dogon Numfashi ya koma baya ya riƙa kaɗa wa surukin wani. Ya saɓa jitarsa, ya kwashi amfilifayarsa da sauran kayansa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro, don bai san sunan da za a kira shi da shi ba in abin ya tafi. Mai yankan makulli ai akwai shi a kowane titi.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, ya kwantar da jita. Matarsa ta leƙo daga kicin, ta ga sukurori a cikin kofin shayinta, ta koma. Ya yi niyyar duba wayoyin ciki ne, ko wata ta saki. Don ya samu wurin sa hannu, sai ya murɗa fararen akwatunan nan suka sauka can ƙasa, nesa da tsirkiya. Ya leƙa da tocila, bai ga komai ba. Ya ɗauki jitar ya jingina ta da cikinsa, ya ɗan taɓa siririyar tsirkiya da babban yatsa, haka kawai, irin taɓawar wanda ya rasa abin yi.

Ba a haɗa ta da amfilifaya ba, don haka bai sa ran jin komai ba. Amma ya ji ta a tumbinsa. Katakon yana rawa a jikinsa, yana rawa, bai daina ba. Ya duba tsirkiyar, ya ga ta yi dishi-dishi tana kaɗawa, ta ƙi tsayawa.

Ya mayar da akwatunan sama inda suke da, dab da tsirkiya. Ya taɓa. Ta kaɗa kaɗan ta ƙame. Ya saukar, ta yi ta tafiya. Ya ɗaga, ta ƙame. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin ƙarfe ba sai an yi masa bayani ba: maganaɗisu jan ƙarfe yake yi, tsirkiya kuma ƙarfe ce. An kawo shi kusa har ya riƙe ta, ya hana ta numfashi.

"Wane ɗan banzan ne ya ɗaga..." ya fara, sai ya yi shiru, don sukudireban ɗan banzan yana hannunsa.

Ya karkata jitar wajen taga. A gefen kowane akwati akwai layi. Sama da layin robar ta yi ruwan ƙwai, ta sha rana da gumi tun ranar da aka sayi jitar. Ƙasa da layin kuwa fari ne, sabo fil, wanda ya fito daga rami a hankali, murɗi bayan murɗi. Farin ya kai kaurin makulli biyu in an haɗa. Ya daɗe yana kallon farin nan. Sannan ya saukar da akwatunan daidai tsohon layinsu, ya jawo amfilifaya daga bayan kujera, ya haɗa waya, ya kai maɓalli kan jan fentin Ciyaman, ya taka 'yar akwatinsa, ya tura tsirkiya sama.

Amon ya fito. Babu gargada, babu gwangwani, zaƙin nan na da ya dawo, har gashin jikinsa ya tashi. Ya yi tafiya mai kyau, ya fara sirancewa, sai ya ɓace. Ɓat, tun bai kai rabin inda ya saba kaiwa ba. Dogon Numfashi ya buɗe baki zai yi tsaki, sai idonsa ya faɗa kan tsirkiyar. Tana kaɗawa. Ya ɗago kai. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta karkata kai gefe, tana sauraron wani abu a cikin ɗakin da shi yake jin shiru.

"Maman Auta," ya ce a hankali. "Tana yi?"

"Tana yi."

Ya jira. Rawar da ke tumbinsa ta lafa, ta tsaya.

"Yanzu fa?"

"Tana yi. Yi shiru mana."

Suka tsaya haka, shi da jita, ita da ludayi. Can ta miƙe wuyanta ta ce, "Yanzu ta tafi."

Ya zauna a kan kujera. Ita ma ta jawo wata ta zauna ta damansa. A lokacin ne ya lura cewa kullum ta damansa take zama, a tebur, a mota, a kan doguwar kujera, kuma ba ya iya tuna yaushe ta koma can.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun ranar da na ce maka ƙanwata ta karye a ƙafa ka ce madalla."

"Ban ce ba."

"Ka ce. Har ka ƙara da Allah ya maimaita."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Baban Auta, na gaya maka. Ta hagu na tsaya." Ta ajiye ludayin a kan jarida. "Daga baya kuma na kasa. Mutum yana fita da jita a kafaɗa yana fito da baki, ni ce zan tare shi a ƙofa in ce masa kunnensa ya tafi? Sai na riƙa ƙara murya. Ai ina da ita. Maƙwabta ma sun daina sayen batirin rediyo, labaranmu suke ji ta bango."

Ashe gidan duk masu sukudireba ne. Shi yana murɗa nasa a lambu, ita tana murɗa nata a gida, mai ganga yana zagayo da mutane ta dama, kowa yana lallaɓa shi, shi kuma yana binne ƙadangare. Ya so ya yi dariya, ya kasa. Jitar ta warke. Wutsiya ta dawo, kowa zai ji ta, mai sayar da lemo zai ji ta, yaran da ke zubar da lemo za su ji ta. Shi ne dai ba zai sake jin ta ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da fiyanon surukin Ciyaman, ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Ta ƙyale shi ya gama. Sannan ta zazzage sukurorin daga kofin shayinta a kan jarida.

"Ga matsalar," ya ce yana jan hanci. "In na zame hannu da wuri, na yanke ta da kaina. In na daɗe, zan tsaya gaban jama'a ina yamutsa fuska a kan tsirkiyar da ta mutu. Wannan ya fi muni. Yara za su yi dariya."

"Ka ƙirga mana."

"Ba a ƙirga ta. Ran da aka yi ruwa daban, ran da lambu ya cika daban. Sai an ji."

Ta ce to, ta tashi ta koma kicin, don tukunya ba ta san da wutsiya ba.

Ranar Asabar surukin Ciyaman ya zo da fiyanonsa a cikin jaka mai zif, ya kafa shi a gefe, ya gaishe da Dogon Numfashi har da rusunawa. Mutumin kirki ne, abin haushi. Aka fara wasa. Dogon Numfashi yana kaɗawa yana ji kamar an sa jitarsa a ɗakin da ke kusa, hannunsa yana ta kaiwa aljihun gaba, amma ya bar sukudireban a gida da gangan. Da aka zo waƙar ƙarshe ya ɗaga ido, sai ya ga wata mata a layin gaba, ta kori wani yaro daga kujera ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, fuskarta kamar mai jiran motar haya. Ko murmushi ba ta yi masa ba.

Ganga ta yi shiru. Ciyaman ya ja da baya. Surukin ya ɗora yatsa a saman fiyano yana jira. Dogon Numfashi ya tura tsirkiya sama.

Matarsa ta ɗaga yatsa ɗaya daga kan jakar.

Amon ya tafi, ya sirance, ya ɓace masa a inda ya ɓace masa a gida. Yatsan yana sama. Rawar tumbinsa ta lafa. Yatsan yana sama. Yana tsaye cikin shiru tsit, gumi yana bin bayansa, duk jikinsa yana ce masa saki, ta mutu, kana ba da kanka. Amma ya ga mai sayar da lemo ya tsaya da mabuɗin kwalba a hannu. Ya ga wani tsoho ya rufe ido. Ya ga surukin Ciyaman ya janye yatsansa a hankali ya sa a aljihu. Ya riƙe tsirkiyar har yatsansa yana zogi, idonsa a kan nata.

Yatsan ya fara lanƙwasa, ya sauka kan jakar. Ya zame hannunsa ƙasa, ganga ta faɗo, lambu ya ɗauki ihu. Wannan kam ya ji shi.

Da suna naɗe waya Ciyaman ya zo, ya nufi hagu, ya yi tunani, ya zagayo dama da kansa. Ya ce surukinsa zai riƙa kaɗawa daga baya, ai fiyano ma yana da amfaninsa. Ya kuma tambaya me aka yi wa jitar. Dogon Numfashi ya ce ƙadangare ne ya shiga amfilifaya.

Suka taka zuwa bakin titi, shi da jita a kafaɗa, ita ta damansa. Ta gaya masa ranar Litinin zai rufe rumfa ya bi ta wurin aiki ya ga likitan kunne, kuma ita za ta kira sunansa da bakinta, ta ga ta inda zai ce bai ji ba. Ya ce to. Suka ɗan yi tafiya.

"Ta daɗe?" ya tambaya.

"Ta daɗe. Yatsana har ya gaji."

"Ƙarshenta fa? Yaya yake?"

Ta gyara riƙon jakarta, tana kallon motocin da ke wucewa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, abin da ba ta saba ba. Ya ga leɓenta sun motsa, amma ko kalma ɗaya ba ta iso shi ba.

"Ban ji ba," ya ce. Karo na farko ke nan da ya faɗi haka da bakinsa.

Ta tsaya a tsakiyar hanya, ta juyo, ta ja numfashi, ta saki muryar ɗakin jira gaba ɗayanta, har wani mai facin keke a tsallaken titi ya miƙe tsaye.

"Na ce irin na ranar nan ne, da na tsaya in ga ko za ka suma!"